Keken Dogarawa Mai Taya: Tambayoyi da Amsoshi Kan Birki, Naɗewa da Tafiya Ba Tare da Faɗuwa Ba

Yanzu ba abin mamaki ba ne ka shiga gida ka tarar da keken dogarawa jingine a ƙofar ɗakin tsohuwa. Wani ɗanta ne ya aiko daga waje, wani kuma daga shagon kayan asibiti aka sayo, ko aka tsinto a gwanjo. Sau da yawa babu takardar bayani, babu kuma wanda ya zauna ya nuna wa mai shi yadda ake sarrafa shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa na kashe mutum kimanin 684,000 a shekara, fiye da kashi 80 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfin tattalin arziki, kuma waɗanda suka haura shekara 60 abin ya fi shafa. Ga tambayoyin da iyalai suka fi yi.

Wane irin keke ake nufi? Ba keken marasa lafiya ba ne?

A'a. Keken marasa lafiya zama ake yi a tura mutum. Wannan kuwa mutum da ƙafarsa yake tafiya, yana riƙe da shi a gabansa. Iri uku aka fi gani. Akwai mai taya biyu a gaba da ƙafafun roba biyu a baya, wanda ba shi da birki domin ƙafafun bayan ne ke riƙe ƙasa. Akwai mai taya uku, siriri, mai sauƙin juyawa a lungu, amma babu wurin zama kuma ya fi saurin kifewa ta gefe. Sai mai taya huɗu, mai birki a hannu, da mazauni, da kwando ko jaka a ƙasa. Wannan na ƙarshen wata 'yar ƙasar Suwidin mai suna Aina Wifalk ce ta ƙirƙiro shi a 1978. Ita kanta shan inna ya taɓa ta, kuma ta ƙi yi masa rajistar mallaka don ya yi arha ga jama'a. Mafi yawan amsoshin da ke ƙasa a kansa suke.

Mai taya huɗu ya fi tsada, ke nan shi ya fi kyau?

Nan ne 'ya'ya suka fi yin kuskure, kuma da kyakkyawar niyya. Ana so a yi wa Baba abin fita kunya, sai a ɗauko wanda ya fi sheƙi. Alhali mai taya huɗu an yi shi ne don wanda ƙafafunsa ke iya ɗaukar nauyinsa, sai dai yana tangaɗi, ko yana saurin gajiya da haki yana buƙatar wurin hutawa. Ba a yi shi don a ɗora masa dukan nauyin jiki ba. Da zarar an danne shi da ƙarfi ana turawa, gaba zai yi ya bar mutum a baya.

Saboda haka wanda aka yi wa aiki a ƙugu ko a gwiwa, ko wanda ya karye likita ya ce kada ya taka ƙafar sosai, mai taya biyu ko marar taya sam ya fi dacewa da shi a farkon lamari. Haka wanda hannunsa ba ya iya matse birki, da wanda mantuwa ta yi wa yawa har ba zai tuna ya kulle ba. Kafin a kashe kuɗi, a kai mai jikin sashen gashin ƙashi na asibiti su gwada shi. Asibitin Ƙashi na Dala a Kano yana da wannan sashe, haka manyan asibitocin koyarwa. Su za su ga yadda yake taku, su ce ga irin wanda ya dace.

Yaya birkinsa yake aiki?

Birki ɗaya ne amma aiki biyu yake yi, kuma duk wanda bai rarrabe su ba bai iya keken ba tukuna. A ƙarƙashin kowane mariƙi akwai hannun birki. Idan ka ja shi sama da yatsunka, tayar baya za ta rage gudu ko ta tsaya, amma kana saki ta ci gaba da juyawa. Wannan na tafiya ne. Idan kuma ka danna shi ƙasa da tafin hannu har ka ji ya ce ƙaras, to ya kulle, ko ka ɗauke hannunka ba zai motsa ba. Wannan na tsayuwa ne da zama. Za a buɗe shi ta hanyar jan hannun sama kaɗan har ya sake yin ƙara.

Gefe biyu ake kullewa, kullum. Idan aka kulle ɗaya aka bar ɗaya, keken zai juya a kan tayar da aka kulle, ya zame wa mutum ta gefe. A wajen tafiya ma haka: matse hannu ɗaya kawai karkatar da keken yake yi. Akwai wasu nau'o'in da ba su da hannun birki, sai dai a danne mariƙin ƙasa keken ya cije. Irin waɗannan ba su dace da mutum marar nauyi ba, don ba shi da ƙarfin da zai danne su.

Ta yaya zan san birkin na ci da gaske?

Kulle duka biyun, ka tura keken a kan siminti. Ya kamata tayoyin baya su ja ƙasa ba tare da sun juya ba. In ɗaya ta juya ko da kaɗan ne, wayar ta saki. A yi wannan gwajin kowace safiya, ba ya cin minti ɗaya.

Gyaransa ba wuya. Tsarin wayar irin na birkin keken hawa ne: akwai ɗan noti a inda wayar ta fito daga mariƙi, akwai wani kusa da taya. Murɗa shi waje yana ƙara tsuke wayar. A murɗa kaɗan-kaɗan ana gwadawa, don in ya wuce kima birkin zai riƙa gugar taya ko ya ƙi kulluwa gaba ɗaya. Wanda bai saba ba ya kai wa mai gyaran keke na unguwa, ya san kan abin sarai. Amma a duba tayar ma. In ta cinye ta yi sumul, duk yadda aka ɗaure waya birki ba zai kama ba, sai an canza ta.

Yaya ake naɗe shi?

Ya danganta da ƙirarsa. A irin wanda aka fi samu, ana ɗaga mazaunin, a cire kwandon idan na ƙarfe ne, sai a ga wata igiya ko sandar ƙarfe a ƙasa. A ja ta sama, ƙafafun gaba da na baya za su haɗe. A sababbin ƙira kuma akwai madauki a tsakiyar mazaunin, ana jan sa sama sai gefen dama da na hagu su matso juna, kuma irin wannan yakan iya tsayuwa da kansa bayan an naɗe. Mai taya biyu yana da maɓalli ɗaya ko biyu a sandar gaba, ana dannawa a turo gefunan ciki ɗaya bayan ɗaya.

Kafin a naɗe, mai keken ya riga ya zauna ko ya dafa wani abu mai ƙarfi. Kada ya naɗe shi yana tsaye babu madogara. A kwashe abin da ke cikin jaka, a kulle birki, kuma a kula da yatsu, domin inda ƙarafan ke haɗuwa yana datse fata. Waɗanda ke naɗuwa gaba da baya sukan buɗe da kansu in an ɗaga su, don haka a ɗaure su da igiya ko roba kafin a cicciɓa.

Buɗewar fa?

Ita ta fi naɗewa haɗari, don keken da bai gama buɗuwa ba ido ba ya ganewa. A ware shi har ƙarshe, a danna mazaunin ko sandunan gefensa da tafin hannu har a ji ya zauna daram. A mai taya biyu, kowane gefe sai ya yi ƙarar kulluwa. Daga nan a girgiza shi, a danna mariƙan ƙasa. In aka ji yana lanƙwasa ko yana neman haɗewa, ba a gama ba. A kuma duba wayar birki ba ta maƙale tsakanin ƙarafa ba, musamman bayan an fito da shi daga but ɗin mota.

Tsayin mariƙi nawa ya kamata?

Mai keken ya sa takalmin da ya saba sawa, ya tsaya tsakanin mariƙan, ya saki hannayensa. Mariƙi ya zo daidai wuyan hannunsa, inda agogo ke zama. In ya kama, gwiwar hannu za ta ɗan lanƙwashe, kimanin digiri 15 zuwa 30. In ya yi ƙasa, mutum zai riƙa tafiya a duƙe, baya ya yi ciwo. In ya yi sama, kafaɗu za su ɗage, ƙarfin riƙo ya ragu. A ƙirga ramukan gefe biyun a tabbata daidai suke, sannan a ɗaure notin tamau.

Hajiya tana tura shi can gaba tana binsa a duƙe. Haka ake yi?

Ba haka ba ne, amma kusan kowa da haka yake farawa. Ana so mutum ya kasance cikin keken, ƙafafunsa suna taku tsakanin tayoyin baya ko dab da su, bayansa a miƙe gwargwadon hali, idonsa na kallon gaba. In keken ya yi nisa, nauyin jiki ya koma kan hannu, kuma tayoyi huɗu ba sa jiran kowa. Ku tsaya ta gefenta ku riƙa tuna mata cikin lallashi ta matso kusa. In ta ji yana neman tsere mata, ta ɗan matse birki ta cim masa.

Wajen juyawa, a yi kwana da ƙananan taku, keke da jiki su juya tare. Kada a murɗa ƙugu ƙafa na nan a kafe.

Sutura ma tana da nata. Bakin zani, dogon hijabi da hannun babbar riga suna shiga taya ko su rataye a hannun birki. A ɗan ɗage zani, a naɗe riga a kafaɗa. Silifas ɗin wanka kuwa a bar shi, a nemi takalmi mai kama dunduniya wanda ƙasansa ba ya santsi.

Yaya ake zama a kansa, da tashi?

A tsaya a wuri mai lebur, in da hali a sa gaban keken ya jingina da bango. A kulle birki biyu. A juya a hankali ana dafe da mariƙi har bayan ƙafafu ya taɓa mazaunin. A kama mariƙan biyu, a sauka sannu, ba a faɗa ba. Ƙafafu su taka ƙasa sosai. Sandar ko maɗaurin da ke baya na ɗan tokare baya ne kawai, ba a kishingiɗa a kansa.

Tashi daga kujera ko bakin gado kuma, ga dokar da aka fi karyawa: ba a jan keken don a miƙe. A ajiye shi a gaba a kulle, a matso bakin kujera, a dafa hannun kujerar ko katifa a ture jiki sama, sai an miƙe sannan a kama mariƙi ɗaya, a kama ɗayan. Wanda ya ja keken, kansa zai kifo. Bayan miƙewa a dakata kaɗan kafin a buɗe birki. Masu shan maganin hawan jini da tsofaffi da yawa jiri kan ɗebe su a daidai wannan lokacin, musamman da asuba ko tsakar dare in an tashi fitsari.

In Baba ya gaji a hanya, za mu iya zaunar da shi mu tura?

A'a. Mun san abin da sha'awa, ga mazauni ga taya. Amma wanda ya zauna, baya yake fuskanta, ba shi da wurin ɗora ƙafa, kuma tayoyin gaba ƙanana ne. Ɗan dutse ko tsagar siminti ya isa ya tsayar da su cak, keken ya tuntsure, ƙeya ta bugi ƙasa. Akwai nau'in da aka ƙera musamman don aiki biyu, yana zuwa da matakin ƙafa da majingini mai juyawa. In naku ba shi da waɗannan, Baba ya zauna ya huta, ko a nemo abin hawa. Jikoki ma a ja musu kunne, don da zarar sun ga an ajiye shi ya zama motarsu, kuma a nan birki ke lalacewa.

Tsakar gidanmu ƙasa ce, ga dokin ƙofa a kowane ɗaki. Zai yi aiki?

Zai yi, amma sai an zaɓa da kyau an kuma gyara gidan. Waɗannan kekuna an ƙera su ne da tunanin daɓe mai santsi da titi mai kwalta. Taya mai inci 6 ta cikin ɗaki ce. Don tsakar gida da layin unguwa a nemi inci 8 ko fiye. A cikin yashi mai zurfi ko laka babu wadda za ta yi, kuma birki ba shi da tasiri a kan rairayi tunda tayar ja kawai za ta yi. In da hali a yi siririn daɓen siminti daga ɗaki zuwa banɗaki da zaure.

Dokin ƙofa da gefen titi hanyarsu ɗaya. A fuskance shi kai tsaye, ba a karkace ba. A matso da tayoyin gaba, a matse birki, a ɗan jawo mariƙan baya har gaban ya ɗaga. Wasu kekunan suna da ɗan mataki kusa da tayar baya da ake takawa don wannan. A saki birki a tura har tayoyin gaba su sauka a sama, a haye da na baya, a sake matse birki, sannan mutum ya taka ya hau. Wajen sauka, tayoyi huɗun su fara sauka, a matse birki, mutum ya biyo. In dokin ƙofar ya yi tsawo, a sa magini ya yi masa 'yar gangara.

A cikin ɗaki kuma, bakin tabarma da darduma da ledar ƙasa da ta ɗaye, da wayar caji da ke kwance, duk a kawar daga hanya. A auna faɗin ƙofar banɗaki kafin saye, don yawancin masu taya huɗu sun kai santimita 60 ko sun ɗan wuce. Wurin alwala da bakin rijiya ko famfo, inda tayil ko siminti ke jiƙe, nan ne ya fi ko'ina santsi. Kuma a ajiye fitila kusa da gado saboda ɗauke wuta.

Matakalar bene fa, da gangara?

Ba a hawa matakala da shi, ko hawa uku ne. Wani ya ɗauki keken, mai shi ya kama ƙarfen gefe. A gangara a riƙa matse birki biyun kaɗan-kaɗan tun daga sama, kada a bari sai ya ɗau gudu. Ba a zama a kansa a gangara ko an kulle.

Nauyi nawa yake ɗauka?

Akwai takarda manne a jikin ƙarfen da ke faɗa. Yawanci wajen kilo 135 ne, akwai kuma masu ƙarfi da faɗin mazauni don masu jiki. Jakar ƙasa ta ƙananan kaya ce: magani, waya, carbi, gorar ruwa. Kada a rataya leda ko buta a mariƙi, nauyin gefe ɗaya yana karkatar da keken.

Wanda ɓarin jikinsa ya shanye zai iya amfani da shi?

In hannu ɗaya ba ya riƙo, keken zai riƙa janyewa gefe, birki ɗaya ne kuma zai yi aiki. Akwai waɗanda aka haɗa birkinsu biyu a hannu ɗaya, akwai masu wurin ɗora damtse. Masu cutar karkarwar jiki ta Parkinson kuma sukan sami kansu suna ƙara sauri ba da sonsu ba, shi ya sa ake ƙera musu wanda birkinsa a kulle yake sai an matse sannan ya tafi. Wannan hukunci na likitan gashi ne, ba na mai shago ba.

Za a iya zuwa masallaci ko tafiya da shi?

Sosai ma, ai don a fita aka saye shi. A masallaci a nemi gefen sahu kusa da bango, a kulle shi. In za a yi sallah a zaune, kujera mai ƙafa huɗu ta fi kwanciyar hankali, don sunkuyawa gaba a kan mazaunin keken na iya sa mutum ya zame.

A mota, mai keken ya fara zama tukuna, sannan a naɗe a sa a but, a kwance, ba tare da an danne wayoyin birki da buhu ba. A a-daidaita-sahu wani ya riƙe shi kada ya leƙo waje. Maniyyata aikin Hajji ko Umara su sanar da kamfanin jirgi tun wuri. Su kuma sani cewa cunkoson ɗawafi ba wurin keken dogarawa ba ne, akwai kekunan turawa a Harami don wannan.

Za mu sayi na gwanjo. Me za mu duba?

Na gwanjo mai kyau yakan fi sabo marar inganci. A duba wuraren walda ko akwai tsaga, a ga ko ƙarfe ya lanƙwashe. A ajiye shi a daɓe a tabbata tayoyi huɗun duk sun taɓa ƙasa. A tura shi a saki, a ga ko yana tafiya sak. A naɗe a buɗe sau da yawa. A gwada kulle birki, a duba ko wayar ta fara tsintsinkewa. Robar mariƙi kada ta riƙa juyawa a hannu. In an ga alamar an taɓa yi wa ƙarfen walda a gida, a bar shi.

Wace kulawa yake buƙata?

A goge shi da ɗanyen tsumma, musamman lokacin hunturu da ƙura ke shiga ko'ina. A cire gashi da zaren da ke nannaɗewa a gindin taya, don su ne ke sa taya ta cije. A ɗiga ɗan mai a mahaɗar naɗewa, amma kada mai ya taɓa taya ko bakin birki. A bi notuna a ɗaure duk wata. Kada a bar shi a rana ko a ruwan sama: rana na busar da roba da mazauni har su tsage, damina kuma na sa wayar birki tsatsa ta ciki inda ba a gani. A mai taya biyu, robar ƙafafun baya tana cinyewa da sauri a kan siminti, a canza ta tun ƙarfe bai leƙo ba.